Inabin da Ya Makara

Bana inabin bayan ɗakina ya nuna saura kwana goma sha biyu a ga watan azumi. Da safe na tsaya ƙarƙashin rumfar ina kallon 'ya'yan sun yi baƙi sun rataya, sai na kifa turmi na zauna. Jikokina sun ɗauka ciwon gwiwar nan ne ya motsa. Ba shi ba ne. Azumi ne ya zagayo ya dawo cikin bazara, daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai, sai lissafin da na daɗe ina gudu ya zo ya tsaya a gabana. Da na yi abin da aka ce in yi a waccan shekarar, a irin wannan rana zai nuna, kuma da Inna ta ci.

Inna uwar mijina ce. Ba 'yar ƙasar Daura ba ce, daga duwatsun Azbin aka auro ta, can gaba da Agadas. Surukina bafatake ne, ya je sayen gishiri ya dawo da mata. Ta shekara fiye da arba'in a ƙauyenmu da ke hanyar Zango ba ta taɓa komawa ba, amma har ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba, kuma ba ta daina raina zafinmu ba. Siririya ce, doguwa, mai faɗa kamar me. In na dama fura ta ce ta yi ruwa, in na rage ruwa ta ce so nake in shaƙe ta. Ni ma a lokacin ba kanwar lasa ba ce, ina da shekara ashirin da biyu da goyo a baya, kuma ina ganin babu abin da wata tsohuwa za ta koya min a kan shuka, ni da aka haifa a kan kunya.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mata murya, zancen garinsu. In ta fara, sai ta manta da faɗan da take yi. Ta ce garin a saman dutse yake, in ka taso daga ƙasa sai raƙumi ya yini yana hawa. Ta ce akwai lokacin da ruwan tulu ke daskarewa da safe sai an fasa da muciya. Ni dai dariya nake ƙunshewa, don ban taɓa ganin ruwa ya daskare don kansa ba. Ta ce a lambun babanta raƙumi ke jan guga, ruwa na bi ta ƙananan hanyoyi tsakanin alkama da rumman da lemu, a gefe kuma ga inabi iri biyu: wani fari dogo mai ɓawo siriri, wani baƙi ƙanana wanda ake shanyawa ya zama zabibi. Baƙin shi ne nata. Ta ce tana yarinya da shi suke shan ruwa in azumi ya faɗo a lokacinsa, kuma tun da ta sauko daga dutsen nan ba ta sake sa shi a baki ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, dillancin dabbobi yake yi, yana ƙetarawa Nijar. Wata shekara ya yi nisa har ya kai garin kawunnansa, ya dawo da sanduna guda biyar naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Da ya kwance na ce, "Malam, duk tafiyar nan ƙirare ka kawo mana?" Inna ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta juya mana baya. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin kafaɗunta na rawa.

Huɗu suka mutu, har da fararen duka. Ɗaya ta kama, ta baƙin. Malam ya kafa mata rumfa a bayan ɗakin Inna, wanda nake ciki yanzu, wani Inyamuri mai shagon kayan keke a Zango, Emeka, ya ba shi waya ya ɗaɗɗaura a sama don ta samu abin bi. Shi ne ma ya ja mana magana, don ya ce a ƙasashen Turawa ruwan wannan abin ake matsewa a yi giya, har manyan gonaki gare su a kan tuddai tun kakannin kakanni. Kafin sati ya zagayo matan ƙauye sun ce itacen giya muka dasa. Da maganar ta iso kunnen Inna sai ta ce a je a tambaye su dawar da ke rumbunansu me arna ke yi da ita. Daga ranar ba wadda ta ƙara tayar da zancen.

Shekara biyu itaciyar tana hawa tana rufe rumfa, ba ta yi ɗa ba, Inna kuma ta ce ba a tsammani kafin ta uku. A cikin shekarun nan ne idonta ya tafi. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ta kai ba ta bambanta ni da ƙyauren ɗaki sai na yi magana.

Sai shekara ta uku ta zo mana da abin da ta zo da shi.

Damina ta fara lafiya lau. Mun yi shuka, gero ya tashi har ya kai kafaɗa, ya fara ɗaukar ciki. Daga nan ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso mai ƙanshin ƙasa, mu kwashe shanya mu jera kwanuka a bakin indararo, sai ya watse kamar an kira shi wani wuri. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Ganyen gero ya naɗe, ya koma fari-fari, in ka ratsa gona sai ka ji yana ƙara kamar takarda. Gyaɗa kuwa ko tonawa ba mu yi ba. Da aka yi girbi, gonar da ke ba mu dami sittin ta ba mu goma sha ɗaya, rabin zangarniyar ma babu ƙwaya. Na tuna Malam ya tsaya a bakin rumbu ya leƙa, ya daɗe kansa na ciki, kamar in ya ƙara dubawa zai ƙaru.

Maza suka fara tafiya cirani tun kafin a gama kwashe kara. Malam ma ya shirya, Kudu zai yi. Ranar da zai tafi ya kira ni bayan ɗaki, ƙarƙashin rumfar, ya yi ƙasa da murya.

"Rabi, Inna ta ce min ba za ta ga wata damina ba. Na ce ta daina faɗin haka, amma kin ga jikin nata. Abin da take jira ke nan." Ya ɗaga kai ya dubi ganyen. "Ko me za a yi, kada ki bari itaciyar nan ta mutu."

Na ce, "In sha Allahu ba za ta mutu a hannuna ba."

Wannan maganar na riƙe, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Bai fi kwana goma da tafiya ba Inna ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan buzu, ta miƙo min ƙaramar wuƙarta mai kube, wadda ta zo da ita tun daga gida.

"An gama kaka?"

"An gama, Inna."

"To ki je ki tsige mata ganye duka, kada ki bar ko ɗaya. Rassan da suka fito bana ki datse su, ki bar ido biyu ko uku a kowanne. Ruwa kuma ki hana ta, kwana ashirin. Bayan nan ki ba ta ta ƙoshi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Inna, a tsige? A wannan farin?"

"A can sanyi ne ke sa ta barci, ganyen ya zube da kansa, mu kuma mu yanka. In ta farka sai ta haihu. Nan ƙasarku ba sanyin kirki, ba mai sa ta barci sai ke. In ba ta kwanta ba, ganye za ta yi ta yi miki har tashin duniya."

Na karɓi wuƙar na fita. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar. Ku gane, a duk ƙauyen nan a lokacin babu wani abu kore sai ita da 'yan bishiyoyin darbejiya. Gonaki sun zama fili, awaki na cin tsumma. Ni 'yar manoma ce, abin da na sani tun ina rarrafe shi ne shuka in ta rasa ganye ta rasa ruwa ta mutu, kuma da idona na ga gonarmu ta mutu a kan haka wata biyu da suka wuce. Yanzu tsohuwar da ba ta gani, wadda wani lokaci take kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu, ita ce za ta ce in yi wa abu mai rai da hannuna abin da fari ya yi wa gero? In ta bushe, me zan ce wa Malam? Na yanke a raina cewa tsufa ne ya taɓa ta.

Sai na yi dabara irin ta mai ganin kanta da wayo. Na datse 'yan rassa biyar daga gefe, na tsige ganye cikin faifai, na kai mata. Ta shafa su, ta lalubi bakin yankan da babban yatsa.

"Duka kika yi?"

"Duka, Inna."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka."

Ba ta cika sa min albarka ba. Na ji wani abu ya soke ni, amma na haɗiye, na ce ai don ita nake yi.

Daga nan na shiga bautar ruwa. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe tun da wuri, sai ta bakin fadama, tafiyar da ta fi rabin awa. Da an idar da sallar asuba muke fita, mata a jere, kowa da tulu ko garwa. Igiyar gidanmu ta gaza, na ƙulla da tsohon rawanin Malam. Guga zai sauka ka ji ya bugi laka, ka jira, ka jawo rabin guga mai launin kunu. Wani lokaci har hantsi ya yi ban cika tulu ba, ga yarinya a baya tana kuka. Sawu biyu kowace mace ke yi. Ni uku nake yi, na ukun na itaciya ne. Ruwan alwala a kwano nake tarawa, na wanke-wanke in ba sabulu shi ma nata ne. Matan na tsokanata, suna cewa Rabi ta samu ɗiya ta biyu mai shan tulu guda. Ni kuwa har daɗi nake ji, don duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya kalli koren nan.

Abincin kirki sau ɗaya muke ɗorawa. Da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon zogale ko tafasa in an samu, da yamma tuwon da in ka ɗaga malmala kana hango kwano. Dusar da a da ta awaki ce muka koma tankaɗewa muna haɗawa. Na sayar da akuya ɗaya, sannan ta biyu. Inna takan ture kwanonta ta ce ta ƙoshi, in ci don mai shan nono. In na ƙi, ta hau ni da faɗa har in ci. Kowane 'yan kwanaki kuma sai ta tambaya.

"Ta fara toho?"

"Ta fara, Inna."

"Kin ga wasu 'yan abubuwa kamar gero a jikin tohon?"

Sai in ce ban lura ba tukuna. Kuma gaskiya ina dubawa. Kullum ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya ina neman 'yan abubuwan nan, don na tabbata itaciyar da ta sha ruwa haka dole ta saka min. Babu komai. Ganye kawai, manya-manya kamar tafin hannu, da rassa masu neman hawa katanga.

Wata biyu ina wannan ƙaryar. Abin da ya tsare ni shi ne Inna ba ta zagayawa bayan ɗaki, ƙafafunta sun kumbura, daga shimfiɗa sai bakin ƙofa. Ran nan da hantsi ta ce jikinta ya yi sanyi, in kai ta ƙarƙashin rumfa ta sha rana, tunda yanzu ba ganye. Na ce iska ake yi. Ta ce ba ta ji ba. Na ce bari in shimfiɗa mata a tsakar gida. Ta ce, "Rumfa na ce." Na kama hannunta muka taka a hankali, ina ta addu'ar kada ta ɗaga hannu.

Ba ta ma bukaci ɗaga hannu ba. Na zaunar da ita a kan tabarma, ta ɗaga fuskarta sama tana jiran rana. Ta daɗe a haka.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Inuwa nake ji."

Iska ta ɗan kaɗa, ganyen ya yi motsi a samanmu, kuma ta ji. Ta ce in ɗaga ta. Na ɗaga ta, ta miƙa dogon hannun nan nata ta shafa, ta bi reshe har inda hannunta ya kai, sannan ta sunkuya ta taɓa gindin. Ƙasar a jiƙe take, da safen nan na zuba.

Na shirya wa faɗa. Wallahi da ta zage ni, da ta ɗaga min hannu ma, da ya fi min sauƙi. Sai ta koma ta zauna, ta goge lakar a gefen zaninta.

"Sawu nawa kike yi a rana?"

"Uku."

"Da goyo." Ta girgiza kai. "Kin ji tausayinta, 'yar nan. Ni ce ba ki ji tausayina ba."

Na durƙusa ina kuka ina cewa Malam ne ya ce kada in bari ta mutu. Ta ce ta sani, shi ma ɗan ƙasar nan ne, gero ya sani. Ta ce in share hawaye in ɗauko wuƙa, kuka ba ya datse reshe. Ranar tana zaune a wurin na tsige ganyen nan tas. Kowane reshe sai na sa mata a hannu ta ƙirga ido da yatsa ta ce nan, sannan in yanka. Kafin azahar rumfar ta zama ƙarafuna da sanduna, rana ta sauko mata a fuska. Awakin maƙwabta suka yi biki da ganyen.

Da muka gama na tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko zai nuna kafin azumi.

Ta ƙirga da yatsu. "Daga yanka zuwa ci wata huɗu ne. Sai bayan Salla." Ta sauke hannun. "Allah ne mai kwana."

Kwana ashirin ban ba ta ko ɗigo ba. Kullum in na wuce sai in ga kamar gawa na ajiye a bayan ɗaki. Ranar ashirin da ɗaya na juye mata tulu biyu. Bayan sati sai idanun nan suka kumbura suka fashe, toho ya fito jaja-jaja, kuma a jikin kusan kowanne ga 'yan abubuwan nan kamar gero. Na ƙirga goma sha bakwai. Na ruga na faɗa wa Inna, ta ce in daina ihu kada in tsorata su. Amma ta sa na kai ta ta shafa.

Ashe duk abin da ta faɗa haka yake. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar da na ga tohon nan ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya sauko, azumi ya kama. Wanda bai yi azumin bazara da rumbu wayam ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙuna, tabarma ma zafi take. In na dawo daga rijiya harshena kamar ɓawon itace, ga ruwa a kaina ba halin sha. Da azahar gari yakan yi tsit, ko kaza ba ta motsi, sai mu jiƙa zani mu lulluɓa mu kwanta a ƙasa. Abin shan ruwa kunun tsamiya ne wanda tsamiyar ta fi garin yawa. Liman da kansa ya aiko a ce wa Inna ta ajiye azumi, Allah ya ɗauke mata. Ta yi goma na farko don taurin kai, daga nan jiki ya ƙi, ko kunun ma sai da cokali.

'Ya'yan inabin kuwa suna girma a hankali kamar da gayya. Na ɗinka musu jakunkuna da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye. Safe da yamma ina dubawa, ina matsawa da yatsa, suna nan kore, da tauri kamar tsakuwa. Har magana nake musu. Na ce ku yi wa Allah ku yi sauri.

Na aika wa Malam ta bakin wani direba, Malam ɗin ya iso ranar ashirin ga wata, ya rame ya yi baƙi, da rabin buhun masara. Bayan ya gaida Inna ya zagaya bayan ɗaki, ya dawo ya zauna a bakin ƙofarta. Ina ciki ina yi mata fifita.

"Inna, ai na ɗauka kin ce kafin azumi zai nuna. Me ya sa ya makara?"

Maficin ya tsaya a hannuna. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji yatsunta sun kama min wuyan hannu. Ba ƙarfi a cikinsu, amma sun riƙe ni.

"Ni ce," in ji ta. "Tsufa. Na rikita watanni, ban sa an yanka da wuri ba. Yarinyar nan sawu uku take yi a rijiya saboda ita. Ka sa mata albarka."

Malam ya ce Allah ya yi min albarka. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma, shi kuma ya ɗauka na ciwon Inna ne.

Ranar ashirin da huɗu da la'asar ta ce in tsinko mata ɗaya. Na ce bai nuna ba. Ta ce ta sani. Na je na duba duka goma sha bakwai ɗin, na zaɓi ƙwayar da ta fara ɗan sauya launi a gefe ɗaya, na wanke na sa mata a baki. Ta daɗe tana juya ta da harshe kafin ta fasa. Fuskarta ta yamutse saboda tsami, har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta yi ɗan murmushi.

"Shi ne," ta ce. "Irin namu ne. Saura kwana ashirin."

Washegari da hantsi ta cika.

Lissafinta bai kuskure ba ko da kwana ɗaya. Kwana ashirin cif suka yi baƙi, suka yi laushi, ƙanshinsu ya cika bayan ɗaki. Malam ya yanko su cikin ƙwarya ya ce a raba wa maƙwabta sadaka, ladan ya kai mata. Matan da suka ce itacen giya ne har da aiko yara a ƙaro. Ni ma ya miƙo min. Na sa ƙwaya ɗaya a baki, zaƙinta ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, ban taɓa cin abu mai daɗi haka ba, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani zaƙin nan ba. Na shiga ɗakinta da ba kowa na rufe ƙofa.

Malam ya rayu shekara ashirin da shida bayan nan. Sau da yawa na ɗauko maganar har bakina, sai in tuna yatsun nan a wuyan hannuna in mayar. Ban sani ba ko amanarta na riƙe ko kaina na rufa wa asiri. Har aka binne shi yana cewa Inna ce ta rikita watanni.

Yanzu akwai famfon sola a ƙofar gidanmu, yara na wasa da ruwan da a da nake tafiyar rabin awa in jira shi. A kasuwar Daura inabi ake sayarwa cikin 'yan robobi, manya, masu sanyi, ba ko ƙwallo a ciki. Ɗana ya taɓa kawo min, ya ce daga wata ƙasa mai duwatsu ake kawo shi a jirgi. Na ci, ba laifi, amma ba shi da ƙanshi. Itaciyar Inna kuwa gindinta ya kai kaurin cinyata, an dasa 'ya'yanta a gidaje shida a ƙauyen nan. Duk shekara in an gama kaka ni nake tsige ta da hannuna, da wuƙar nan mai kube, kuma duk shekara sai an samu mai tausayi. Bara matar ɗana ce ta tsaya a kaina tana cewa, "Hajiya, ai kashe ta za ki yi, ki bar mata ko rabi mana." Na ɗaga kai zan yi mata faɗa, sai na ga fuskata ce a tsaye. Na zaunar da ita na ba ta labarin nan tun daga farko. Ita ce mutum ta farko da ta ji.

Jiya aka kai azumi na ɗaya. Da aka kira magariba matar ɗan nawa ta kawo min inabin a faifai, ta zaɓo wanda ya fi baƙi. Na ce ta ajiye. Na sha ruwa, na yi salla, na daɗe a kan buzun Inna ina roƙa mata abin da ya fi wannan a inda take. Da na shafa na juyo, faifan na nan, yarinyar kuma tana zaune tana jirana ba ta ci nata ba.

Ta ce, "Hajiya, ai ta yafe miki tun a ranar."

Na ce na sani. Da ba ta yafe ba, da tuni na manta.